Felet mai maiƙo ko kwaɓin gari: wanne zaka fara saya idan kifin babel kake nema a kogunan Ingila?

Ranar da na fara shiga shagon kayan kamun kifi a nan Notingham wallahi kaina juyawa yayi. Bango guda cike da ledoji, wannan baƙi, wancan ja, wani gari ne kamar dusa, wani ƙwayoyi kamar kashin akuya, ga wari kamar an buɗe buhun busasshen kifi a kasuwar Baga. Ni kuma abun da na sani tun daga gida shine ƙugiya da tana, shikenan. Na ce wa mai shagon babel nake son kamawa a kogin Tirent, sai ya tambaye ni felet zan ɗauka ko girawunbet ko duka biyun, wato abincin da ake zuba wa kifi a ruwa don a jawo shi, ɗaya ƙwayoyi ɗaya gari, nace masa bari inyi tunani, na fita ban sayi komai ba. To wannan tambayar tasa ce zan warware a nan, saboda na ga 'yan uwa da dama da suka zo karatu ko aiki sun fara sha'awar zaman bakin kogi, kuma kuɗin ɗalibi ba na wasa bane da za'a zubar a ruwa haka kawai.

Shi babel ɗin kifi ne dogo mai ruwan zinariya-zinariya, bakinsa a ƙasa yake, yana da gashin baki guda huɗu da yake lalube da su, kamar dai na tarwaɗa ko kurungu sai dai shi yana da ɓawo a jiki. A ƙasan kogi yake kiwo, kan tsakuwa, inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Wannan kaɗai idan ka riƙe ka fahimci rabin maganar, don duk abincin da bai sauka ƙasa ya zauna ba to ba na babel bane, na wasu kifayen ne can gangare. Asalinsa a Ingila kogunan da suke gangarawa gabas ne irin su Tirent da Temis da Great Ouse, kogin Seban kuwa kai shi akayi a 1956 daga kogin Kennet, kifi 509 kacal, yau gashi Seban ta zama ɗaya daga cikin manyan wuraren kama shi. Wanda ya kai laba 10, wajen kilo huɗu da rabi kenan, shi ake ɗauka hoto dashi a tura wa abokai. A 2006 an kama wani a Adams Mill kan Great Ouse mai laba 21 da oza 1, ya daɗe yana riƙe da kambun babel mafi nauyi da aka kama a ƙasar.

Kuma tun kafin muyi nisa, ba ci ake ba fa. Na san wannan ne yake ba mutanenmu dariya, ni ma babana da na gaya masa a waya cewa na kama kifi mai kilo huɗu na mayar dashi ruwa shiru yayi, can sai yace Allah ya shirye ka. Amma doka ce, daga kogi ƙananan da basu wuce santimita 20 ba kaɗai aka yarda ka ɗauka, suma da adadi, kuma yawancin kulob masu bakin ruwan ko wannan basu yarda ba. Ƙwansa ma yana da guba. Ga lasisin sanda na hukumar muhalli, Environment Agency, ga tikitin kulob ko na yini, sannan daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an rufe kamun babel da ire-irensa a koguna gaba ɗaya saboda lokacin haihuwa ne, sai 16 ga Yuni ake buɗewa.

To felet. Duk wanda ya taɓa kiwon tarwaɗa a gida ya san Coppens da Skretting, ai danginsu ne, asalin abun ma daga gidajen kiwon kifi ya fito kafin masu fatsa su gano cewa kifin kogi ma yana haukacewa a kansa. Bambancin shine wanda muka saba watsa wa tarwaɗa a fond yawanci mai yawo ne a saman ruwa, wannan kuwa nutsewa yake kamar tsakuwa. Wanda aka fi sani shine na halibat, wato wanda asali akeyi don kiwon wani kifin teku mai wannan sunan, baƙi ne sidik, garin kifi ne da man kifi aka matse, idan ka riƙe shi a hannu minti ɗaya sai ka ga tafin hannunka yana ƙyalli. Ka ɗauke shi kamar ƙuli-ƙuli mai tauri wanda ba'a matse mansa duka ba. Yana zuwa girma-girma, daga milimita 2 da 3 da 4 da 6 da 8 har 14 da 16 da 21, manyan akwai masu huda a tsakiya da akayi musamman don ɗaurawa kusa da ƙugiya. Idan ya sauka ƙasa baya narkewa nan take, a hankali yake sakin mai da ƙamshi, ruwa yana jan wannan ƙamshin yana kaiwa gangare, babel ɗin da ke kwance can ƙasa ƙarƙashin reshen bishiya ya shaƙa ya biyo sawu yana hawowa har ya iso inda ka ajiye.

Girawunbet kuma gari ne, ni dai kwaɓi nake ce masa. Ana haɗa shi da garin kifi, da garin burodi, da niƙaƙƙen felet, wani da niƙaƙƙen irin wiwi a ciki. Eh wiwi, 'ya'yan ne, a shago ake sayar dasu a gwangwani an dafa har sun tsage, baya bugarwa kuma ba laifi bane, babel yana son su ƙwarai, wasu na cewa don suna kama da ƙananan dodon koɗi na ruwa ne. Shi garin zaka zuba masa ruwan kogi kaɗan-kaɗan kana juyawa da hannu har ya zama kamar dambu, idan ka danƙa ya dunƙule, idan ka murza ya warware. Masunta a gida da suke zuba dusa a mali, wato tarkon kifi, sun san hikimar, ba ciyar da kifi ake ba, kiran sa ake. Da zarar ya taɓa ƙasa sai ya fara fashewa, ƙura-ƙuransa na bin ruwa, ƙamshi ya bazu da sauri sosai fiye da na felet, amma kifi idan yazo babu wani abun kirki da zai cika ciki dashi, sai dai yayi ta lalube yana nema, cikin laluben ya ci karo da abun da ke ƙugiyarka.

A taƙaice ɗaya mai kira ne, ɗaya mai riƙewa. Gari yana kawo kifi da wuri amma baya zaunar dashi, felet yana jinkiri amma idan kifi ya same shi zai tsaya yana tsinta. Duk sauran gardamar da ake a bakin kogi daga nan ta samo asali.

Abu na farko da zai raba maka gardama shine ƙarfin ruwan da zaka je. A Tirent, musamman daga Niwak zuwa ƙasa, wajen Collingham da bayan madatsar Cromwell inda ruwan teku ke turowa yana komawa, kogin faɗi gareshi ga zurfi ga ƙarfi. Idan ka dunƙula gari da hannu ka jefa a irin wannan ruwan kayi sadaka ne kawai, kafin ya kai ƙasa ya watse, ruwa ya kwashe shi ya kai wa wanda ke zaune mita hamsin ƙasa da kai, shi yayi ta kamawa kai kana kallo. Ya faru dani, wani dattijo Bature da ke ƙasa dani har ya ɗago hannu yana min godiya. Felet ma idan ƙanana ne ka watsa da hannu ko da gwafa haka zai tafi. Shi yasa ake amfani da fida, wato ɗan bututu ko keji mai dalma a gefe wanda ake ɗura abincin a ciki a jefa tare da ƙugiya, ya kai shi har ƙasa. A Tirent fida mai nauyin oza 3 zuwa 4 ba komai bane, idan ruwa ya ciko har 6 ana sawa ko fiye. A nan ne zaka ga gari shi kaɗai yana da rauni, minti biyar ya fice daga fida ya bi ruwa, felet mai milimita 6 ko 8 kuwa yana gangarawa kaɗan ya maƙale tsakanin tsakuwa ya zauna.

Amma fa ga matsalar felet a fida mai buɗaɗɗen baki: busasshe baya tsayawa, kana ɗaga sanda zai zube a ƙafarka. Dole sai an toshe bakin biyu da wani abu, kuma wannan abun shine gari. Ka danna gari a ƙasa, ka cika tsakiya da felet, ka danna gari a sama. Mafi yawan masu kama babel a Tirent da Seban haka suke yi, kuma gaskiya idan kana da kuɗin duka biyun to kar ma ka wahalar da kanka da zaɓi, wannan haɗin shine hanya. Garin ya fashe ya kira, felet ya zube ya riƙe. Tambayar tana da amfani ne ga wanda zai sayi ɗaya, ko wanda yake son sanin wanne zai fi yawa a bokitinsa ranar.

A ƙananan koguna labarin ya canza. Irin su Teme ko Kennet ko Hampshire Avon inda ruwa ke garau kana hango tsakuwa, wani lokacin har kifin kansa kana gani, jefa fida mai nauyi cike da gari duk minti goma kamar jifan kasuwa ne, kifin zai gudu ya shige ƙarƙashin ciyawa ba zai fito ba sai dare. Kuma gajimaren da garin ke tayarwa yana tara ƙananan kifi tsititi da basa barin komai. A irin nan felet ya fi nesa ba kusa ba. Ɗan kaɗan, cikin hannu ɗaya ko biyu, ka sauke shi a hankali da abun saukar da abinci wanda ke buɗewa idan ya taɓa ƙasa, ko ka ɗaure shi cikin ragar PVA wadda ke narkewa a ruwa, ka rataya a ƙugiya ka lallaɓa ka ajiye. Ita PVA ɗin abun mamaki ce, ruwa na narkar da ita amma mai baya narkar da ita, don haka felet mai maiƙo ya dace da ita daidai, jiƙaƙƙen gari kuwa kana zubawa zata narke a hannunka. Sai ka bar wajen ya huta rabin awa ko awa guda kafin ma ka jefa ƙugiya. Haƙurin nan shi yake da wuya, ba kuɗin ba.

Abu na biyu, kuma a ganina shi mutane suka fi yin kuskure a kai, shine sanyin ruwa. Ka tuna yadda man shanu ko manja yake daskarewa a kwalba lokacin hunturu a gida, sai an kai shi rana ko kusa da murhu. To man da ke cikin felet ma haka yake yi. Daga Yuni zuwa wajen Oktoba ruwa da ɗumi, man yana fita sosai, kifi yana yawo yana cin abinci da yawa cikinsa yana narkarwa da sauri, a lokacin felet mai maiƙo sarki ne, kilo ɗaya ko biyu a yini a babban kogi ba ɓarna bane. Amma da zarar an fara sanyin gaske, ruwa ya sauka ƙasa da digiri bakwai ko shida, man baya fita kamar da, shi kuma kifin jikinsa ya mutu, ɗan abun da ya ci zai daɗe a cikinsa. Ka zuba masa felet mai maiƙo da yawa a Janairu, ya tsinci biyar ko shida ya ƙoshi, ya koma ya kwanta kwana biyu, kai kuma kana zaune kana karkarwa kana cewa babu kifi a wajen. Akwai, kai ka ƙosar dashi. A nan gari ya fi, saboda ƙamshi ne ba abinci ba, ka sa shi a ƙaramar fida ba tare da ka cusa felet da yawa ba, ko ka koma tsutsa gaba ɗaya, don idan ruwa yayi sanyi kuma yayi garau babu abun da ya kai farar tsutsar nan da ake sayarwa a awo.

Sai dai sanyin ma iri-iri ne. Idan akayi kwanaki ana ruwan sama mai ɗumi daga kudu maso yamma, kogi ya ciko yayi ja kamar kunun kanwa, ma'aunin zafi ya nuna ruwan yana hawa ko da digiri ɗaya ne ko biyu, to ajiye duk abun da kake yi ka tafi kogi. Babel baya buƙatar ido, da gashin baki da hanci yake kiwo, ruwan ja shine bikinsa. A ranar irin wannan gari bashi da wani amfani sosai don ruwan ya riga ya cika da laka da ganye, ƙarfinsa kuma zai share shi nan take. Babban felet guda ɗaya, 16 ko 21, ka naɗe shi da kwaɓaɓɓen felet mai danƙo, ka ajiye shi kusa da gaɓa inda ruwa ya lafa bayan wata bishiya ko lanƙwasa, shine maganin. Idan kuwa cikowar ta narkewar ƙanƙara ce, ruwan yana ƙara sanyi, zauna a gida ka sha shayi, ba felet ba gari.

Turawa a irin ruwan jan nan suna son naman gwangwani da ake yankawa gunduwa-gunduwa, kuma yana aiki ba ƙarya, amma ka duba gwangwanin da kyau don mafi yawansa alade ne. Akwai na kaza da na sa a shagunan halal, sai dai na lura ya fi laushi yana saurin fita daga ƙugiya, sai ka ɗan soya shi ko ka bar shi a firij a buɗe ya bushe. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na fi karkata ga felet, hankalina ya fi kwanciya.

Sai maganar waɗanda ba'a gayyata ba. Gari yana kiran kowa da kowa. A wuraren Tirent da ruwa ya ɗan lafa akwai birim, wani faffaɗan kifi mai yauƙi kamar kuɓewa da ke yawo garke-garke, idan suka sauka a kan garinka ka shiga uku, zaka yi ta jawo su ɗaya bayan ɗaya kamar kana jan jiƙaƙƙen buhu, ragarka da wandonka duk yauƙi, babel kuwa ba zai samu wajen sa baki ba. Felet ma suna ci, kar in yi maka ƙarya, amma babba mai milimita 14 zuwa sama yana rage ƙananan. Akwai kuma cab, mai ƙaton baki, shi kam babu abun da baya haɗiyewa, sai dai shi kamun sa ba asara bane. Wanda ya fi ban haushi shine kirafish ɗin Amurka, mai hannuwa kamar na ƙaguwa, da aka shigo dashi a shekarun 1970 ya cika koguna irin su Kennet da Temis, yana zuwa ya gwaguye duk abu mai laushi. Inda suke da yawa kwaɓi mai danƙo da nama basa minti goma, felet mai tauri ne kaɗai ke ɗan jurewa, shima sai kana dubawa.

Wajen ƙugiya kuwa babu ma gasa, gari baya hawa ƙugiya. Ko da gari ka zaɓa a matsayin abun kira, dole ka nemi abun da zaka sa a ƙugiya daban. Shi felet baka soka masa ƙugiya don tauri gareshi, ana rataye shi ne a ɗan zare da ya zarce bayan ƙugiyar, yadda kifi zai zuƙe shi ƙugiyar ta biyo tsirara ta kama leɓe. Masu kamun wani babban kifi da ake kira kaf ne suka ƙirƙiro dabarar a ƙarshen shekarun 1970, yanzu kowa ita yake yi. Mai huda sai ka zura zaren ka toshe da ɗan tsinke na roba, mara huda kuma akwai ƙaramin zoben roba da ake ɗaure shi dashi, wasu ma manne guda biyu suke da sufa gulu baya da baya. Ƙugiya lamba 8 zuwa 12 gwargwadon girman felet ɗin, zare mai jure nauyin laba 10 zuwa 12, tsakanin fida da ƙugiya ka bar kamar ƙafa biyu zuwa huɗu, idan ruwa garau ne kifin yana tsoro ka ƙara tsawo, saboda abincin da ke fita daga fida gangarawa yake, kifin ma can ƙasa yake tsayawa. Kuma ka riƙe sandarka ko ka saki ril ɗin, wato abun naɗe zare, yadda zare zai iya fita, cin babel ba irin ɗan taɓa-taɓan nan bane, sandar ce zata lanƙwashe gaba ɗaya lokaci guda, mutane da yawa sandarsu ta tafi kogi suna tsaka da zuba shayi.

Wani abu da na lura dashi a wuraren da ake yawan zama, irin Bewdley da Bridgnorth a Seban ko wajen Hereford a kogin Wai, kifin ya ga felet ɗin halibat mai milimita 14 har ya gaji, an kama shi a kansa an sake shi ba sau ɗaya ba. Da rana tsaka sai ka ga sandar tana ɗan rawa amma babu ci. Idan haka ta faru rage girma, sa 8 guda ɗaya a ƙaramar ƙugiya ya zama daidai da waɗanda ke fita daga fida, ko ka canza launi ka koma ja irin mai Robin Red, wani jan gari mai yaji da ake haɗawa a ciki, ko ka fereye gefen felet ɗin da wuƙa ya daina kama da na kowa. Sau da yawa ɗan wannan canjin ya fi sayen sabuwar leda.

Ta ɓangaren aljihu da wahala, gari yana da arha a ido don leda ɗaya idan ta sha ruwa tana kumbura ta cika bokiti, kuma zaka iya ƙara masa garin burodi ya ƙara yawa. Amma abun da ka kwaɓa ka kwaɓa kenan, idan ya rage ko ka sa a firiza ko gobe ya yi tsami, kuma matar gida ba lallai ta yarda da kwaɓin kifi kusa da naman miya ba, ni dai an kore ni da nawa. Ga kwaɓin kansa yana son gwaninta, ruwa yayi yawa ya zama tuwo ya ƙi fita daga fida, ka jawo bayan rabin awa ka tarar dashi yadda ka sa shi, ruwa yayi kaɗan kuma ya tarwatse a sama tun kafin ya taɓa kogi. Sai ka kwaɓa, ka bar shi minti goma sha biyar ya sha, ka sake yayyafa ruwa, in da hali ka tace da rariya. Felet kuwa buɗe leda ne kawai, wanda ya rage ka ɗaure ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Illarsa mai ne, kuma mai yana ɓaci, idan ka bar shi a but ɗin mota lokacin zafi ko ya shekara a ajiye zaka ji warin ya canza ya koma kamar tsohon man suya, wannan zubar dashi ya fi. Ɓeraye ma suna son sa kamar me, bokiti mai murfi zaka nema.

To ni idan ɗaya zan saya felet zan saya, kuma dalilina mai sauƙi ne: daga felet zaka iya yin gari, daga gari ba zaka iya yin felet ba. Ka sayi ƙanana masu milimita 4 ko 6 kilo biyu, da ƙaramar leda ta manya masu huda. Ka ɗebi kashi ɗaya ka niƙa a tsohuwar bilenda, tsohuwa nace, ko ka daka a turmi idan kana dashi, ga garinka nan na toshe fida. Ko ma ba niƙa, ka zuba wa ƙananan ruwan zafi ya rufe su na 'yan mintoci, ka tsiyaye, ka rufe bokitin ka bar shi, kafin ka isa kogi sun yi laushi yadda zaka danna su a fida su zauna da kansu. Ka ƙara jiƙa wani kason sosai ka fasa ƙwai ka murza, ga kwaɓi mai danƙo na naɗe babban felet ranar ambaliya. Leda ɗaya ta yi maka aiki huɗu. Gari zan fara saya ne kawai idan a tsakiyar hunturu zan fara, ko kuma wajen da zan je ruwan a hankali yake tafiya kuma ina son in kama komai da komai ba babel kaɗai ba, wanda ga sabon shiga ba laifi bane sam, birim goma sun fi zaman awa takwas babu ko motsi.

Abu ɗaya da ya shafi duka biyun, lokacin zafi sosai idan ruwa ya ja baya yayi ɗumi har wajen digiri 20 zuwa sama, iskar da ke cikinsa tana raguwa, shi kuma babel idan ya kamu faɗa yake har sai ƙarfinsa ya ƙare tas. Kulob da yawa suna rufe kamun sa a irin wannan lokacin, ka duba kafin ka fita. Ko ba'a rufe ba, idan ka jawo shi kar ka ɗaga shi nan take, bar shi cikin raga a ruwa ya huta, ka cire ƙugiya a kan tabarmar da aka jiƙa, sannan ka riƙe shi a ruwa kansa yana fuskantar inda ruwan ke zuwa har sai ka ji ya fara bugun hannunka da ƙarfi kafin ka sake shi. Wani lokacin minti biyu ne, wani lokacin sai ka yi minti goma sha biyar a tsugune ruwa na shiga takalminka.